Ta ci 268, amma ba ta samu likitanci ba

Ranar Litinin, 29 ga Afrilun 2024, hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu. Ina shago da yamma ina auna wa wata mata shadda yadi biyar, sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yata ce, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata gare ta. Muryarta na rawa ta ce, "Abba, ya fito." Na ce, "Nawa?" Ta ce 268. Na ajiye almakashi na sa ta karanto min ɗaya bayan ɗaya: Turanci 61, Fiziks 58, Kemistiri 72, Bayoloji 77. Kafin in rufe shago a ranar, duk layinmu ya ji cewa an yi likita a gidana, kuma da bakina na faɗa. Na kira yayata na gaya mata, na kira kawun yarinyar da ke aiki a Abuja. A hanyar gida na tsaya wajen mai balangu na yi sayayya, da na shiga na ce wa Mamana, "Kin gama naki, saura namu." A duk wannan shekarar ban yi wata magana da ta cuce ta kamar wannan ba, sai dai ban gane ba sai bayan wata biyar.

Ni ma na zauna JAMB a 1995. Lokacin fensir ne da takarda, ka baƙanta amsarka, ka koma gida ka yi ta jiran gidan waya. Ban samu jami'a ba, na yi difloma, daga nan kasuwa ta ɗauke ni. Abin da ya zauna min a kai tun daga lokacin shi ne wanda ya haura 200 ya ci, wanda bai kai ba ya faɗi. Da wannan tsohon ma'auni na shiga neman gurbin 'yata, alhali abubuwa sun daɗe da canzawa. Hukumar da aka kafa a 1978 ta haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama guda ɗaya, UTME, tun 2010. Daga 2015 kowa a kwamfuta yake rubutawa. A 2017 kuma aka fito da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa kaɗai ake ba da gurbi. Duk wannan sai da na yi tuntuɓe da shi na san shi.

An buɗe rajista a tsakiyar Janairu. Matakin farko shi ne ka tura lambar NIN ta yaro, wato lambar katin ɗan ƙasa, zuwa 55019, a dawo maka da wata lamba da za ka sayi fom da ita. Malaminsu na makaranta ya ja mana kunne cewa layin da aka tura saƙon da shi ya zama na yaron har abada a wajen hukumar, ba a yi wa yara biyu rajista da layi ɗaya, kuma in layin ya ɓace an shiga wahala. Don haka na saya mata sabon layi, muka sa a wata tsohuwar ƙaramar waya. Cikas ɗin da muka fara ci da shi namu ne na gida: a takardun firamare an rubuta sunanta da nawa, a katin ɗan ƙasa kuma na ƙara mata sunan kakanta. Abu ne da mu Hausawa ba mu ɗauka komai ba, yau ka rubuta sunan uba, gobe ka ƙara na gari. Kwamfuta kuwa ba ta san wannan ba, harafi ɗaya ya bambanta mutum biyu take gani. Sai da muka yi mako biyu muna gyara kafin mu wuce wurin. Kuɗin fom har da jarrabawar gwaji naira 7,700 na biya.

A cibiyar kwamfuta da hukumar ta amince da ita aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta goma. Sai yaron da ke kan na'urar ya tambaya, "Wace makaranta, wane kwas?" Ta faɗi sunan jami'ar tarayyar da take so, tafiyar awa uku daga garinmu, ta ce likitanci. Ya danna, ya ce na gaba. Duka-duka bai fi minti ɗaya ba. Na sha komawa kan wannan minti ɗayan a raina. A nan aka yanke rabin hukuncin, domin yawancin jami'o'in tarayya ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓin farko ba, kuma kwas ɗin da ka rubuta shi ke nuna da su wa za ka yi gasa. Ina tsaye a bayanta, ban tambayi kujeru nawa ne a ajin likitanci na jami'ar ba, ban tambayi da maki nawa aka ɗauki na bara ba, ban tambayi yadda suke haɗa lissafinsu ba. Ni da ba na sarin atamfa a Kantin Kwari sai na zaga rumfa huɗu na ji farashi.

Sha'awar likitanci ba ni na ɗora mata ba. Tana shekara 12 mahaifiyarta ta sha wahalar haihuwar autanmu, ita ta yi jinya kwana tara a asibiti, ta ga yadda mata ke layi suna jiran likita mace guda ɗaya. Tun daga nan ba ta sake ambaton wani aiki ba.

Ta yi karatu, wannan shaida ce zan bayar ko a gaban wa. Azumi ya kama a watan Maris, in an yi sahur ba ta komawa barci, tana kan tambayoyin shekarun baya har gari ya waye. Da yamma lesin. Aka yi sallah ranar 10 ga Afrilu, jarrabawa kuma za ta fara 19 ga wata. Malamansu sun gargaɗi 'yan mata cewa lalle na iya rufe zanen yatsa na'ura ta ƙi gane mutum, wanda kuwa na'ura ba ta gane ba ba ya shiga ɗakin jarrabawa. Ƙannenta da 'yan uwa duk suka sha ƙunshi, ita ta yi sallah da farin hannu.

Ranar da aka sa mata ta jarrabawa, da asuba muka kama hanya, don cibiyar tana wani gari. Ba a shiga da waya, ba agogo, ba biro. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, sauran darussa ukun 40 kowanne. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, har da lissafin Fiziks. Mu iyaye muna waje ƙarƙashin wata dalbejiya. Kusa da ni wani dattijo ne da ya kawo jikansa daga ƙauye, ya ce min yaron bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar rajista. Na daɗe ina tuna wannan yaron. Tambayoyi iri ɗaya za a auna shi da su da ɗan da aka haifa da kwamfuta a ɗaki, a kuma rubuta sakamakon da lamba kamar daga wuri ɗaya suka taso.

Da sakamako ya fito, alƙaluman da hukumar ta bayar suka ƙara min ƙarfin gwiwa. Sama da yara miliyan 1.8 aka saki sakamakonsu. Kashi 76 cikin ɗari ba su kai 200 ba. Waɗanda suka ci 250 zuwa sama su 77,070 ne, waɗanda suka kai 300 kuwa 8,401. Ke nan 'yata tana cikin huɗun farko a kowane ɗari. Wa zai ga wannan bai yi murna ba?

Ta shiga WAEC, ta fito ta shiga NECO, sai cikin Yuli ta sauke. Ranar 18 ga Yuli aka yi taron da hukumar ke yi kowace shekara da shugabannin manyan makarantu a Abuja, inda ake tsayar da ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai. Ina jin rediyo gabana ya faɗi, domin ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce ba za a ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba, Mamana kuwa tana 17. Mahalarta taron suka nuna ba su yarda ba, kafin a tashi aka dawo da shi 16 a wannan shekarar. A taron ne aka sa mafi ƙarancin maki: 140 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da na ilimi. Na yi lissafina na ɗan kasuwa, 268 a cire 140, rarar 128 ke nan. Gwaggonta ta nemi a ba ta ita ta je hutu, akwai bikin 'yarta. Mahaifiyarta ta ce, "Alhaji, ba an ce akwai wata jarrabawar ba?" Na ce ai wannan cika ƙa'ida ce kawai, yarinya ta gaji, a bar ta ta huta. Ta tafi da akwatin kaya, ba littafi ko ɗaya a ciki.

A watan Agusta WAEC ta fito, kiredit ɗinta ya cika a zama ɗaya, har da Turanci da Lissafi. Da yake da "ana jiran sakamako" aka yi mata rajista, sai da ta dawo muka koma cibiyar kwamfuta aka ɗora shi a shafinta na JAMB. Wannan matakin yara da yawa ke mantawa, alhali wanda sakamakonsa na sakandare ba ya kan shafin, ko nawa ya ci ba a iya ba shi gurbi. Jami'ar ta sa ranar jarrabawarta ta tantancewa, wadda ake kira Post-UTME. Kwana goma ya rage ta sake buɗe littafi, bayan ta yi wata huɗu rabonta da irin waɗannan tambayoyin na sauri. Ta ci 62 cikin 100. Bayan 'yan makonni aka liƙa wa kowa jimillarsa a shafin jami'ar. A gaban sunanta an rubuta 64.5. Ban san daga ina wannan lambar ta fito ba, ban kuma san ko mai kyau ce ko maras kyau ba.

Akwai wani malamin jami'a da ke sayen yadi a wurina, ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai a inda yake koyarwa. Ranar wata Asabar ya shigo, na ce, "Dakta, don Allah zauna ka warware min wannan." Ya jawo littafin rasiɗina ya juya bayansa. Ya ce jami'ar da 'yata ta zaɓa tana raba makin JAMB gida takwas, don 400 ya koma 50. Nata 268 ya zama 33.5. Sannan ta raba makin tantancewa gida biyu, 62 ya zama 31. Ya haɗa, ga 64.5. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Alhaji, ka lura da abu ɗaya. Sai yaro ya ƙara maki takwas a JAMB zai samu ɗigo ɗaya a nan. A jarrabawar jami'a kuwa maki biyu ne ɗigo ɗaya." Na yi shiru. Jarrabawar da na kira cika ƙa'ida nauyinta ɗaya da wadda yarinya ta yi shekara tana shiri dominta. Ya ce kowace jami'a da nata lissafin: Ibadan irin wannan take yi, Legas kuwa kashi 50 take ba JAMB, 30 jarrabawarta, 20 sakamakon sakandare, wasu kuma ba sa yin jarrabawa sam, takardu kawai suke dubawa su ba kowane A da B da C makinsa. Jarrabawar tantancewar ma kanta ta sha shiga da fita, an fara ta a 2005, gwamnati ta hana a 2016, ta dawo da ita a 2017.

Na ce to 140 ɗin da aka faɗa a rediyo fa? Ya ce wannan ƙasan rijiya ne, ma'anarsa kada wata jami'a ta sauka ƙasa da haka. Kowace tana da ikon ɗaga nata, kuma wanda ta ɗaga ɗin ma izinin shiga layi ne kawai. Ainihin makin da ake yankewa a kowane sashe ba wanda ya san shi tun farko, ko shugaban jami'ar. Ana jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, a ƙirga kujeru, inda kujeru suka ƙare nan ne makin wannan shekarar. Kujerun likitanci kuma ba jami'a ke ƙara su yadda ta ga dama ba, hukumar kula da likitoci ta ƙasa ke ƙayyade wa kowace makaranta adadinta gwargwadon asibitinta da malamanta.

A nan na fahimta, don ya shigo fagena. Maki kuɗi ne a aljihu, farashi kuwa ranar kasuwa ake sanin sa. Dubu ɗari kuɗi ne mai yawa a rumfar atamfa, a rumfar leshi ba za a ko sauko maka da kaya ba. Waɗancan yara 77,070 ba bazuwa suka yi cikin darussa ɗari ba. Akasarinsu rumfa biyar ko shida suka nufa: likitanci, haɗa magunguna, aikin jinya, lauya, kwamfuta, injiniya. A layin da 'yata ta shiga kusan kowa irin kuɗinta ne a hannunsa, wasu sun fi ta.

Sai na kawo abin da nake ɓoye da shi a matsayin makami na ƙarshe. Na ce ai jiharmu tana cikin yankin jami'ar, kuma tana cikin jihohin da aka ce an bari a baya a ilimi. Ya ce gaskiya ne, jami'o'in tarayya kashi uku suke yi: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, daga ko'ina mutum ya fito, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohi 23 da ke baya a ilimi. Ya ce in ɗauka kujera 100 ce. Arba'in da biyar na farko sun tafi ga waɗanda suka fi kowa. Talatin da biyar za a raba tsakanin jihohin yanki, kuma a cikin kason jiharku da 'yan jiharku za ta yi gasa, su ma akwai masu 280 da 290. Ashirin ɗin ƙarshe kuwa ko ɗaya-ɗaya ba za su ishi jihohi 23 ba. Ya ƙara da cewa kusan duk jihohin Arewa suna cikin jerin nan, don haka a jami'ar Arewa wannan gatan kowa na da shi. Mutanenmu na yawan zaton kason nan tabarma ce da aka shimfiɗa wa ɗan Arewa, mutanen Kudu ma haka suke zato suna jin haushi. Ni dai ina ganin tsarin yana da amfani, in na tuna jikan dattijon nan na ƙarƙashin dalbejiya. Amma a kwas irin likitanci, sassaucin da yake bayarwa ɗigo kaɗan ne.

Da jerin farko ya fito babu sunanta. Akwai sunan ɗan wani abokina da muke sallah masallaci ɗaya, wanda ya ci 241. A watan Afrilu har jaje na yi wa uban a zuciyata. Yaron, da ya ga makinsa bai kai yadda yake so ba, bai je ko'ina ba, ya zauna kan littafi har ranar tantancewa, ya ci 84. Nasa lissafin: 30 da 'yan kai, a haɗa da 42, ya haura 72. Tazarar maki 27 da 'yata ta ba shi a JAMB ba ta kai ɗigo uku da rabi ba, shi kuma ya ba ta ɗigo 11 a ɗaya ɓangaren. Ba wanda ya zalunce mu. Na je har gida na yi masa murna, na dawo na kasa cin tuwo.

Daga nan masu ba da shawara suka yi yawa. Wani da ban sani ba ya kira ni ya ce yana da hanya a ciki, in ba shi naira dubu 150 ya mayar da makin 310. Ba zan ɓoye ba, na saurare shi har ƙarshe kafin in kashe wayar. Abin da ya tsayar da ni, bayan tsoron Allah, shi ne labarin yarinyar nan ta jihar Anambra a 2023, wadda ta nuna takardar 362 alhali 249 ta ci, ƙasa duka ta ɗauka, aka hana ta zama jarrabawar shekara uku. Takarda ana iya ƙirƙirarta, amma jami'a ba takardar hannunka take kallo ba, abin da ke cikin rumbun hukumar take gani. Kawunta kuma ya ce in kwantar da hankalina, zai karɓo wasiƙa daga wani babban mutum. Na jira wannan wasiƙar mako uku. Da na gaya wa Dakta ya girgiza kai. Ya ce a CAPS jami'a ke gabatar da suna, hukumar ta amince, kuma jerin a bayyane yake gare su duka, in an tsallake mai maki sama an ɗauko na ƙasa sai an yi bayani. Ya ce in ma wani ya ba ka gurbi ta bayan fage, ba ta CAPS ba, yaro zai iya gama karatu ya tarar babu sunansa a rajistar hukumar, ya kasa tafiya bautar ƙasa. Na tuna zamaninmu da ɗan talaka ke zuwa ya duba allo ya koma gida bai san dalili ba. Duk zafin da lambar nan ta yi min, gara ita, don aƙalla na ga inda muka tsaya da abin da ya sa.

Muka zauna lissafin sauran hanyoyi. Da can mutanenmu Sudan suke tura yara karatun likita, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe wannan ƙofar, mun ga yadda aka kwaso ɗalibai a motoci. Jami'a mai zaman kanta miliyoyi take nema kowace shekara har shekara shida, ko na sayar da shagon ba zai kai ba. Akwai IJMB, karatun share fage da ke kai mutum aji biyu kai tsaye, amma kujerun likitanci ta nan sun fi ƙaranci. Akwai sake zama, sai dai makin JAMB shekara ɗaya yake aiki, 268 ɗin zai mutu, a koma daga farko ba tabbas. Yayata ta ce yarinya ta gama sakandare, zaman me za ta yi shekara guda a gida, ga masu nema. Mahaifiyarta ta ce ita dai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, a nemi abin da makin zai iya saya.

Duk wannan muna yi ne a kanta, ita ba ta cewa komai. Ta daina fita tsakar gida in an yi baƙi, saboda har lokacin wasu "Likita" suke kiran ta, sunan da ni na jawo mata. Wani dare na fito alwala na tarar da ita zaune a bakin ƙofar kicin, ƙaramar wayar nan a hannunta. Ta ce, "Abba, ka yi haƙuri, na ba ka kunya." Na zauna a kan turmi kusa da ita. Na ce, "Mamana, ke kika ci 268 da azumi a bakinki. Ni na ce miki kin gama, ni na tura ki biki. In akwai mai neman yafiya a nan, ni ne." Ta yi kuka sosai, na bar ta ta yi. Da ta share hawaye sai ta buɗe wayar ta nuna min abin da take dubawa. Ashe ta bi ɗaliban jami'ar ta tattara makin da aka yanke a sassa daban-daban a jerin farko, ta rubuta a takarda. Ta ce haɗa magunguna da aikin jinya sun fi ƙarfin 64.5. Amma ilimin gwaje-gwajen asibiti, masu binciken jini da ƙwayoyin cuta, makin 'yan yanki bai kai nata ba, darussan JAMB ɗinsu kuma guda huɗun nan ne da ta zauna. Shekara biyar ne, kuma a asibiti za ta yi aiki. Ta ce, "Abba, mu canza tun kujerun ba su cika ba. Kada mu jira wasiƙar Kawu."

Na tambaye ta sau biyu ko don ta faranta mana ne. Ta ce ta yi istihara, kuma ba ta son ta sake shekara tana caca da abin da ba ta da iko a kansa.

Washegari muka je cibiyar kwamfuta. Canjin kwas sai da yatsan mai shi, don haka dole ta je da kanta. Aka biya kuɗin, ta dangwala, aka canza. Muka shiga shafin jami'ar muka tabbatar canjin ya bayyana a can ma, don Dakta ya ce in bai bayyana ba tana nan a tsohon layi. Da mun ƙara mako biyu muna jiran wasiƙa, jeri na biyu zai wuce mu. Wasiƙar ma har yau ba ta zo ba.

Sai jira. Kullum bayan asuba ta shiga CAPS, rubutu ɗaya take gani, ba a ba ta gurbi ba tukuna. Bayan kusan wata guda ya canza ya ce ana kan aiki. Wata ranar Alhamis ina shirin fita kasuwa ta biyo ni zaure da gudu ba ko takalmi. An ba ta. A ƙasan sunan kwas ɗin akwai maɓalli biyu, na karɓa da na ƙi, kuma in ba ka danna ba gurbin bai zama naka ba, ana iya ba wani. Ta miƙo min wayar ta ce in danna mata. Na ce a'a, ke kika nemo shi. Ta yi bismilla ta danna.

Ban kira kowa ba a ranar. Muka tafi tare aka buga mata takardar shaidar gurbi ta hukumar da ainihin takardar sakamako mai hoto, kowace kwafi uku, na saya mata jakar roba ta zuba su tare da na WAEC da takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma. A hanyar dawowa cikin Keke Napep ta ce min ta ji ana cewa wanda ya gama digiri a fannin lafiya yana iya sake neman likitanci daga baya. Na ce mu gama wannan tukuna, amma ta binciko min kujeru nawa ake ba irinsu, da yadda ake lissafin.